Lambar P0420: Matsalar tsohuwar jif da ta wuce ta gareji

A garejojin Apo da ke Abuja, ko na Panteka a Kaduna, ko kuma na kewayen kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ba baƙon abu ba ne a kawo wata tsohuwar mota ƙirar jif wadda 'yar wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a allon da ke gaban direbanta.

Sau da yawa motar lafiyarta lau a ido. Tana tashi da bugu ɗaya, tana gudu, ba ta wani ƙara. Amma da zarar bakanike ya jona kwamfutar bincike a ƙarƙashin sitiyari, sai ta nuno lamba: P0420. Wani lokaci kuma tare da 'yar uwarta, P0430.

Abin da kan biyo baya sananne ne ga masu irin waɗannan motoci. Ko dai a ce wa mai motar na'urar tace hayaƙinsa ta mutu, ya kawo kuɗin sabuwa, ko a ba shi shawarar a fasa ta a zubar da abin da ke ciki, ko kuma a goge lambar a sallame shi, bayan 'yan kwanaki wutar ta dawo.

A dukkan hanyoyin uku babu wadda ta amsa tambayar farko, wato me ya sa lambar ta fito. Amsar kuwa ba ta tsaya a gareji ba. Ta shafi irin motocin da ake jibgo wa Afirka ta Yamma, da irin man da aka daɗe ana sayar mata, da kuma farashin wasu ƙarafa uku a kasuwannin duniya.

Abin da lambar ke nufi

Na'urar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira katalis, wasu kuma su ce mata indomie saboda kamannin abin da ke cikinta, tana zaune ne a jikin bututun salansa, kusa da inji. A cikin gwangwaninta na ƙarfe akwai wani curi na tangaran mai dubban ƙananan ramuka tamkar saƙar zuma, wanda aka shafe da 'yan giram kaɗan na ƙarafan filatinam da faladiyam da rodiyam.

Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ramukan, ƙarafan kan sauya abubuwa uku masu cutarwa: iskar kabon monoksaid, wadda ita ce ke hallaka mutanen da suka kwana da janareta a ɗaki, da ragowar man da bai ƙone ba, da kuma iskar naitirojin oksaid mai illa ga huhu. Lafiyayyar na'ura da ta ɗau zafi tana iya kawar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan abubuwa.

An fara sanya ta a akasarin motocin Amurka ne daga shekarar 1975, sakamakon dokar tsabtace iska ta 1970. Daga 1996 kuma hukumomin ƙasar suka wajabta wa kowace ƙaramar mota tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, wanda daga gare shi ne waɗannan lambobi suka samo asali. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu amfani da fetur. Wannan ne ya sa lambar take da ma'ana ɗaya ko a Toyota Highlander ce, ko Lexus RX, ko Honda Pilot.

To sai dai ƙwaƙwalwar mota ba ta da idon da za ta leƙa cikin na'urar. Abin da take yi shi ne kwatanta rahoton wasu sansa guda biyu masu auna iskar oksijin, ɗaya kafin hayaƙi ya shiga na'urar, ɗaya kuma bayan ya fita.

Lafiyayyar katalis tana riƙe oksijin tana sakinsa a hankali, saboda haka sansar baya kan nuna hayaƙi mai natsuwa, ƙarfin lantarkinta na tsaye kusan wuri ɗaya. Idan na'urar ta gaza riƙe oksijin, sai sansar baya ta fara hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9, tana kwaikwayon abin da ke faruwa a gaba. Daga nan ne ƙwaƙwalwar ke yanke cewa aikin tacewa ya yi ƙasa da mizanin da kamfani ya gindaya.

P0420 na nufin jeren silindodin da ke ɗauke da silinda ta ɗaya, P0430 kuma ɗaya jeren. Motocin jif masu inji V6 suna da jere biyu, kowane da nasa katalis, shi ya sa su ne suka fi nuno lambobin biyu.

Ke nan lambar shaida ce ta abin da sansa biyu suka faɗa. Ba ta ce na'urar ce ta mutu ba, ba ta kuma faɗi abin da ya kashe ta idan ta mutun.

Kafin a taɓa aljihu

Ƙa'idar da littattafan gyara na kamfanonin motoci suka shimfiɗa ita ce a fara da sauran lambobin da ke tare da ita. Idan akwai P0300 zuwa P0306, masu nuna cewa wata silinda na tsallake wuta, ko P0171 da P0174 masu nuna iska ta rinjayi mai, ko wata lamba da ta shafi sansar kanta, to su ake fara magancewa. P0420 a irin wannan hali sau da yawa inuwa ce kawai ta wata matsalar.

Sai kuma ɓula a salansa. Motar da ta yi shekaru a jihohin arewacin Amurka ko Kanada, inda ake barbaɗa gishiri a tituna lokacin ƙanƙara, takan iso da tsatsa a ƙasanta, sannan ramukan hanyoyin Najeriya su ƙarasa aikin. 'Yar ƙaramar ƙofa a mahaɗar bututu kusa da sansar baya ta isa ta zuƙo iskar waje ta rikita lissafin. Gyaranta aikin mai walda ne na ɗan lokaci, ko canjin gaskit, ba na dubban ɗaruruwan naira ba.

Mataki na gaba shi ne wanda ke bambanta bakanike da mai karanta lamba kawai. Kwamfutar bincike tana iya nuna abin da sansa ke faɗa kai tsaye yayin da inji ke aiki. Akan bari motar ta yi zafi sosai, a riƙe totur wajen juyi 2,500 a minti ɗaya, a sa ido kan layin sansar baya. Akan kuma duba alƙaluman da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwar ke ƙarawa ko ragewa domin daidaita ƙonewa. Idan suka zarce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, to akwai abin da ke damun injin, ko nozul mai yoyo, ko famfon mai da ya gaji, ko iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya.

Akwai wani tarko a nan ga masu motocin Toyota da Lexus. Sansar gaba a yawancinsu wani nau'i ne dabam, wanda ba ya hawa da sauka kamar na tsofaffin motoci. Bakaniken da bai san haka ba zai ga layinta a miƙe ya ce ta mutu, ya canza ta a banza. Idan kuma aka maye gurbinta da mai araha wadda ba irinta ba ce, an ƙara wa motar sabuwar cuta.

Canza sansar baya ma, wanda shi ne abin da da yawa ke fara yi saboda ta fi arha, ba kasafai yake warware matsalar ba. Sansar da ta tsufa ta yi nauyin jiki takan ɓoye gazawar katalis ne maimakon ta ƙirƙiro ta. Shi ya sa wani kan sayi sabuwa, wutar ta ƙara saurin dawowa.

Idan an bi duk waɗannan matakai ba a ga komai ba, kuma sansar baya na ci gaba da rawa, to a nan ne za a iya cewa na'urar ta gaji. A motar da ta ci kilomita dubu 250 ko dubu 300 wannan ba abin mamaki ba ne. Garantin da dokar Amurka ta tilasta wa kamfanoni bayarwa kan katalis shekara takwas ne ko mil dubu 80, wato kimanin kilomita dubu 129. Galibin jif ɗin da ke sauka a tashoshin ruwan Legas da Kwatano sun daɗe da wuce wannan iyaka kafin a ɗora su a jirgi.

Abin da ke kashe ta

Duk da haka, tsufa kaɗai ba shi ne ya fi kashe katalis ba. Ba ta da wani abu mai juyawa da zai cinye. Abin da ke fitowa daga inji ne ke lalata ta.

Na farko shi ne ɗanyen mai. Idan fulogi ko kwayil ya lalace, man da bai ƙone a silinda ba sai ya tafi ya ƙone a cikin na'urar, zafin ya wuce kima har tangaran ɗin ya narke ya toshe. Wannan ne dalilin da ya sa wutar gargaɗin ke ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, kuma direban da ya ci gaba da tafiya daga Kaduna zuwa Kano da wuta mai ƙiftawa yana iya isa da na'urar da ta riga ta ƙone. Alamar toshewa ita ce mota ta rasa ƙarfi a kan hawa, ta ƙi wuce wani gudu duk yadda aka taka ta.

Na biyu shi ne baƙin mai. Tsohon injin da ringinsa ya cinye yakan sha baƙin mai, sinadaran fosfaras da zink da ke cikinsa kuma su lulluɓe ƙarafan su hana su aiki. Haka ruwan lagireto idan gaskit ɗin kan inji ya ƙone yana tsiyaya cikin silinda.

A nan ne asarar mai mota ke ninkuwa. Wanda ya sayi sabuwar katalis bai gyara injin da ke shan baƙin mai ba, ya sayi 'yan watanni ne kawai.

Na uku shi ne man fetur ɗin kansa, kuma shi ne ɓangaren da babu bakaniken da zai iya gyarawa.

Babban makashin katalis a tarihi shi ne dalma, wadda aka riƙa zubawa a fetur shekaru da dama. Ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan mai a farkon 2006, kuma a watan Agustan 2021 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da kawo ƙarshensa a duniya bayan Aljeriya ta ƙarar da nata. Amma sinadarin salfa, wato farar wuta, ya ci gaba da zama. Shi ba ya kashe na'urar farat ɗaya kamar dalma, sai dai ya rage mata ƙarfi, kuma tsohuwar katalis da ke bakin gaɓa ba ta buƙatar fiye da haka kafin wuta ta kama.

A watan Satumban 2016 wata ƙungiya mai zaman kanta ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa wani nau'in mai na musamman domin kasuwannin Afirka. A wasu samfuran man dizal da ta ɗauka a ƙasashe takwas, salfar da aka samu ta ninka abin da Turai ta yarda da shi har sau 378. Ba a karya dokar kowa ba, domin dokokin ƙasashen da ake kai wa man ne suka bar ƙofa a buɗe. Turai kuwa ta ƙayyade wa kanta kashi 10 cikin miliyan tun 2009.

A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'idar kashi 50 cikin miliyan, tare da sharaɗin cewa motocin da za a shigo da su su cika mizanin hayaƙi na Euro 4. Aiwatarwa dai ta yi tafiyar hawainiya, har sai da masu sayarwar suka fara ɗaure kansu: Holand ta tsaurara sharuɗɗan ingancin man da ake fitarwa daga tashoshinta a 2023, Beljiyam ta biyo baya a 2024. Tsakanin haka, a watan Fabrairun 2022, 'yan Najeriya sun ga gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga tashar Antwerp, wanda ya lalata motoci ya kuma haddasa dogayen layuka a gidajen mai.

Fara samar da fetur a matatar Dangote a watan Satumban 2024 ya sauya hanyar da mai ke isowa kasuwa. Amma motar da ta sha shekara goma tana ƙona abin da aka samu, tarihin na nan a cikin salansarta.

Kasuwar indomie

Akwai kuma yiwuwar da ya kamata mai mota ya fara tunani a kanta kafin komai: cewa babu komai a cikin gwangwanin.

Afirka ta Kudu ce ke samar da mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya, Rasha kuma na kan gaba a faladiyam. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam ya kai kusan dala dubu 29, ninkin ba ninkin na zinariya. Shekara guda bayan haka, da ɓarkewar yaƙin Ukraine, faladiyam ya haura dala dubu uku. Farashin ya faɗo a 2023, inda rodiyam ya koma ƙasa da dala dubu biyar, amma kafin nan sana'ar ta riga ta kafu.

A Amurka an samu rahoton satar katalis fiye da dubu 64 a shekarar 2022 kaɗai. A watan Nuwamban wannan shekarar ma'aikatar shari'ar ƙasar ta gurfanar da mutane 21 bisa zargin tafiyar da wata hanyar cinikin na'urorin sata da ta kai ta fiye da dala miliyan 500. Ɓarayin sun fi son motocin jif, saboda tsayinsu daga ƙasa na ba mutum damar shiga ƙarƙashi ba tare da jak ba.

Motocin da ke nufo Afirka ba su tsira ba. Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka. Binciken da hukumomin Holand suka yi a tashoshinsu a daidai lokacin ya gano cewa yawancin motocin da ke kan hanyar Afirka sun kai shekara 16 zuwa 20, wasunsu kuma an riga an yanke musu katalis tun kafin su bar Turai.

Wadda ta iso da nata kuma tana da sauran shingaye: tashar ruwa, wurin dillali, sai gareji. Hanyar da aka fi bi ita ce a tsaga gwangwanin, a kwashe tangaran ɗin, a sake walde shi yadda daga waje ba za a gane ba. Mai motar da aka shawo kansa cewa cire indomie zai ƙara wa motarsa gudu ya rage mata shan mai, sau da yawa yakan biya kuɗin aiki, ya kuma bar wa garejin abin da ya fi kuɗin aikin daraja.

Maganar rage shan mai tana samun kunnen saurare ne saboda halin da ake ciki. Tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga watan Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira dubu ɗaya kafin ƙarshen 2024, faɗuwar darajar naira kuma ta sa katalis na asali ya fi ƙarfin masu motoci da yawa. Amma gaskiyar batun ita ce, sai dai in na'urar ta toshe ne mota za ta ji sauƙi idan aka fasa ta. Lafiyayyar katalis ba ta cin wani mai na a zo a gani.

Wanda ke biyan sauran

Bayan an fasa, wutar gargaɗin ba za ta ƙara mutuwa ba. Dabarun da ake bi domin rufe bakinta sun haɗa da sanya wa sansar baya wani ɗan ƙarfe da zai janye ta daga hayaƙin, ko sauya manhajar ƙwaƙwalwar, ko kuma mafi sauƙi, a cire ƙwan wutar ko a liƙe shi da baƙin tef.

Illar wannan ga mai motar ita ce ya rasa hanya ɗaya tilo da motar ke yi masa magana. Wuta guda ce ke ba da labarin ɗaruruwan matsaloli. Wanda ya saba ganinta a kunne, ko ya kashe ta gaba ɗaya, ba zai san ranar da wata babbar matsala ta shigo ba.

Ga mai shirin sayen tsohuwar jif, akwai gwaji biyu da ba sa cin kuɗi sosai. Idan aka murza makulli ba tare da tayar da inji ba, dole wutar ta kama, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Kwamfutar bincike kuma tana nuna ko motar ta kammala gwajin katalis ɗinta tun bayan gogewar ƙarshe. Idan ta nuna gwajin bai kammalu ba, to akwai alamar an goge lambobi ba da jimawa ba, kuma yana da kyau a yi doguwar tafiya da motar kafin a biya.

Sauran asarar kuwa ba a aljihun mai mota take ba. Wani binciken Bankin Duniya da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin 11,200 a Legas a shekarar 2018, kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ya sanya ababen hawa a sahun gaba na musabbabai. A biranen arewa hayaƙin na haɗuwa da ƙurar hunturu. Waɗanda suka fi shaƙarsa su ne masu talla a kan danja, da 'yan sandan hanya, da direbobin Adaidaita Sahu, da yaran da tsayinsu ya yi daidai da bakin salansa. Mai jif ɗin yana ciki da gilashi a rufe.

Ta fuskar doka ba a rasa rubutu ba. Hukumar NESREA na da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa tun 2011, Jihar Legas kuma ta buɗe cibiyoyin duba lafiyar motoci da kwamfuta a 2017. Amma muddin takardar shaidar lafiyar mota na iya fitowa ba tare da an sa na'ura a bakin salansa ba, babu abin da zai sa mai mota ya zaɓi gyara mai tsada a kan fasawa mai arha.

Ɗaya ɓangaren shi ne masu sayen kayan. Ingila da Wales sun haramta biyan tsabar kuɗi hannu da hannu a cinikin tsofaffin ƙarafa, kuma dokarsu ta 2013 ta tilasta wa dillalai neman lasisi da tabbatar da sunan duk wanda ya kawo musu kaya. Jihohin Amurka da dama sun yi irin wannan doka kan katalis bayan 2021. A kasuwannin 'yan gwangwan na Najeriya, ana auna garin tangaran ɗin a biya nan take, kuma farashin filatinam da rodiyam ya sake tashi a 2025.